Lambar Hadi a Wuyan Muhajir

Umbadda, Omdurman
18 ga Maris, 1995

Yaya Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kun yi sallah lafiya. Ina Inna da ƙafar tata? Ka ce mata man shafawar da na aiko ba na ajiya ba ne, ta shafa. Ka gaida Rahmatu da yara. Mu nan lafiya lau. Nabila ta fara famfara, Ɗanjuma kuma ya fara tafiya, ba abin da yake bari a ƙasa.

Hajiya Mairama mai fataucin turare za ta taso Kano jibi, shi ya sa nake sauri. Kai ne ka yi shekara huɗu a nan gidan Baffa kana karatu, ka cinye musu kisra, wainar dawar nan tasu, ka koma gida ka haɗa ni aure da ɗansa. To ga abin da ka haɗa yana neman lalacewa, sai ka saurara.

Ka san Baban Nabila yana ma'aikatar matse gyaɗa a Bahri. Shi ne a bakin inji, yana zuba gyaɗa, idan ta toshe ya tura da sanda. Aikin kashi uku ne, su suna cewa wardiyya, abin da ku kuke kira duti. Akwai na safe, shida zuwa biyu, da na yamma, biyu zuwa goma, da na dare, goma zuwa shida. Duk Asabar ake juyawa, kuma a nan masifar take. Wanda ya tashi daga na dare ƙarfe shida na safe, ƙarfe biyu na ranar nan zai koma ya kama na yamma. Wanda ya tashi ƙarfe goma ranar Juma'a, shida na safe yana bakin inji. Awa takwas ke nan a baki. Amma Yaya, ka san tsakanin Umbadda da Bahri. Mota biyu ce, ga layin shiga, ga cunkoson gadar Shambat, ga man fetur da babu. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Ya yi wanka, ya ci abinci, me ya rage?

Yau Asabar ce. Ya shigo ƙarfe takwas da kwata, yanzu haka yana kwance a kan gadon igiya a inuwar katanga, da takalminsa a ƙafa. Sha biyu zan tashe shi. Na kora yara gidan maƙwabta, ni kuma ina zaune ina gadin barcinsa kamar mai gadin shanya, ko kaza ban yarda ta yi kuka ba.

Makon jiya na miƙa masa shayi, kofin yana hannunsa barci ya ɗauke shi, ya zube masa a cinya. Wallahi sai da fatar ta tashi kafin ya farka. Ran nan kuma a sujada barcin ya kwashe shi, sai Nabila ce ta girgiza shi. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce, “Ma'alesh, ba komai, ya Sauda, kowa haka yake yi.” Kowa ɗin ni na aura?

Na taɓa kai masa abinci na ga injin nan da idona. Wani ƙarfe ne murɗaɗɗe yake juyawa a ciki, kamar na injin markaɗe, amma ya kai kaurin cinyar mutum. Tun ranar ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Tsoro nake ji, Yaya. Tsoro nake ji wata rana barcin nan ya zo masa a gaban ƙarfen nan.

Kai ne sakataren ƙungiyar ma'aikata a masaƙarku, kullum cikin zancen doka kake har Inna ta gaji da kai. To yau ga ranar zancen. Shin mutum ba shi da haƙƙin ya huta tsakanin duti da duti? Ko dokar ta masu ofis ce kawai? Ka ba Hajiya amsa kafin ta juyo. Kada ka ce za ka sa a gidan waya, ta bara har yau ba ta iso ba.

Ƙanwarka,
Sauda

*

Gwale, Kano
21 ga Afrilu, 1995

Sauda sarkin tsiwa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Inna ta shafa man, ta ce ƙamshinsa ya fi maganinsa. Rahmatu tana gaishe ki. Ki shafa min kan Nabila da Ɗanjuma, ki kuma gaida ƙanena Muhajir, ki ce masa na ji labarin shayi.

Na yi dariya a farkon takardar, amma ban kai ƙarshe da dariya ba. Kin yi daidai da kika ji tsoro. A masaƙarmu, yatsun da inji ya ci da na sani, yawancinsu ranar juyin duti ne. Hutun da ke tsakanin duti da duti ba alfarma ba ce da mai ma'aikata zai yi in ya ga dama, haƙƙi ne, kamar albashi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san dokar ƙasarku harafi da harafi ba. Amma ma'aikata mai girman tasu da wuya a ce ba ta da ƙa'idar aiki a rubuce, mai hatimin ofishin ƙwadago. Ana manna ta ne a bango, galibi inda ba wanda zai gani. Muhajir yana karanta Larabci fiye da ni, ya neme ta ya kwafe wurin da aka yi maganar hutu. Sannan ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta lokacin shigarsa da na fitarsa, mako huɗu a jere. In da hali mutum biyar ko shida su yi haka tare.

Na san tun da sojoji suka hau aka rushe muku ƙungiyoyi, don haka kada ya tara mutane, kada ya ambaci yajin aiki ko da wasa. Mu ma nan a ƙarƙashin masu kaki muke, mun koyi tafiya a hankali. Ya sami dattijo guda a cikinsu, su je ofishin ƙwadago da ladabi, su ce ba ƙara suka kawo ba, tambaya ce. Su roƙi a turo mai duba aiki ya buɗe daftarin ƙofa, inda akawu yake rubuta shiga da fita. Nan ne ƙarfinku yake, Sauda. Heluma zai iya musu, manaja zai iya rantsuwa, amma daftari ba ya ƙarya. Abin da aka rubuta shi hukuma take gani.

Ke kuma ki rage masa faɗa ranar Asabar, mutum ya ji da barci ko ya ji da bakinki? Na sa miki daddawa da kuka a hannun Hajiya. Ki ce mata na auna, kada ta ce kwastan sun ɗiba.

Yayanki,
Abdulrauf

*

Umbadda
3 ga Yuni, 1995

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Daddawa ta iso, kwastan sun ɗiba. Muna lafiya, sai zafi, ko ruwan randa sai an bar shi ya huce. Ɗanjuma ya yi gudawa kwana biyu, ya warware. Ka gaida Inna da su Rahmatu.

To malam sakatare, maganarka ta fito. An sami takardar a ɗakin awo, bayan tarin buhunan tunkuza, ta yi baƙi da mai. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a mayar da ma'aikaci bakin inji sai ya sami awa goma sha biyu da tashi. Baban Nabila ya kwafo ya karanta min sau uku, kamar wanda ya tsinci takardar gado.

Su shida suka yi littafin. Baba Idirisu, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, shi ya kai. Bayan kwana biyu wasu mutane suka zo da mota marar lamba suka ɗauke shi a bakin ƙofar ma'aikata. Kwana tara ba wanda ya san inda yake. Ya dawo da ƙafarsa, amma ba ya zancen, ko matarsa bai gaya wa ba, kuma yanzu a zaune yake salla. Wannan ban yafe ba.

Duk da haka mai duba aikin ya zo, ya buɗe daftari, ya ga abin da ya gani. Yanzu ranar Asabar da safe kashe inji ake yi a wanke shi, an kuma sake tsarin juyin, kowa yana samun kwana guda cur. Asabar biyu ke nan yana karyawa da mu. Ran nan har ya ɗauki Nabila suka je bakin kogi. An kuma ja wa akawun ƙofa kunne, duk wanda bai cika awa goma sha biyu ba kada ya rubuta shi. Sunan Baban Nabila ba ya ƙara shiga daftari sau biyu a rana.

Sai dai akwai abin da ni da kai ba mu lissafa ba. Ka san halin mutanenmu na nan. Iyayensu a gonakin auduga na Jazira suka tashi, idan aka yi wa mutum rasuwa sai 'yan'uwa su shiga gonarsa su yi masa tsinka har ya tashi daga zaman makoki. Da wannan ɗabi'ar suka shigo ma'aikata, suna kiranta tsayawa. A wurinsu duk wanda ya yi fashin kwana uku ba takardar likita korarsa ake yi, zaman makoki kuwa a ƙauye kwana uku ne, ban da hanya. Sai wani ya gama dutinsa ya tsaya wa mai rasuwar. Da can a fili ake yi, akawu ya rubuta wane ya tsaya wa wane. Yanzu ba zai rubuta ba, tunda awa goma sha biyu ba ta cika ba. Ka san dabarar da suka ɓullo da ita? Kowa yana da lamba ta tagulla da yake ratayawa a wuya, ita akawu yake dubawa. Sai mai tafiya ya bar wa mai tsayawa lambarsa. Akawu ya rubuta sunan wanda yake ƙauye, heluma ya kau da kai, inji ya ci gaba da juyawa.

Na ce da Baban Nabila kada ya kuskura. Ya ce, “In Hadi ne fa?” Hadi abokinsa ne tun suna yara, shi ya tsaya masa kwana huɗu lokacin rasuwar Baffa. Na ce ko Hadi ne. Sai ya ci gaba da shan shayinsa. Ka san shirun nan nasa, ya fi gardama ciwo.

Ka rubuto masa da kanka, yana jin maganarka. Wani malami mai komawa Zariya zai kawo wannan.

Sauda

*

Gwale, Kano
9 ga Yuli, 1995

Ƙanwata,

Alhamdu lillahi! Gaisuwa ga kowa da kowa, mu nan ƙalau. Jiya da yamma takardarki ta iso, a tsaye na karanta ta a ƙofar masaƙa, ina sauri za mu shiga taro. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. A taron na karanta wa mutanenmu labarin takardar bayan buhuna, aka yi ta tafi. Na ce musu ku duba, mutum shida da ɗan littafi, ba ƙungiya ba komai, sun karɓi haƙƙinsu.

Na yi baƙin cikin abin da ya sami Baba Idirisu. Ki kai masa gaisuwata, Allah ya saka masa.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne da kika ce sunan Muhajir ba ya ƙara shiga daftari sau biyu. Shi ke nan, an rufe ƙofar, sai ki kwantar da hankalinki. Zancen tsayawa kuwa, tunda akawu ya daina rubutawa, da kanta za ta mutu. Kada ki mai da shi abin faɗa a gida, zumunci ne irin na mutanenmu, abin sha'awa ma. Ke dai ba a raba ki da hango abin tsoro, tun kina ƙarama haka kike.

Inna ta ce a ɗauko mata hoton yara. Ki ce wa Muhajir ya yi ƙiba kafin in zo.

Yayanki,
Abdulrauf

*

Omdurman
14 ga Yuli, 1995

Yaya,

Sallama. Ban san ko takardata ta watan jiya ta same ka ba, ban ga amsa ba. Yara suna lafiya, suna wurin maƙwabta. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa, kuma kada ka karanta a gaban Inna.

Inji ya kama hannun Baban Nabila ranar Talata. Na dama. Sun yanke daga gwiwar hannu. Yana da rai, yana magana.

Ranar Asabar mahaifiyar Hadi ta rasu a ƙauyensu, can gaba da Madani. Kafin ya hau mota ya biyo ta gidanmu, idonsa jawur. Ban ji ya roƙi komai ba, wallahi bai roƙa ba. Baban Nabila ne ya miƙa hannu ya zare lambar daga wuyansa. A makon Hadi yana na yamma, shi kuma yana na dare. Ka haɗa da kanka. Ya shiga ƙarfe biyu na rana da lambar Hadi, ƙarfe goma ya zagaya ƙofa ya sake shiga da tasa, sai shida na safe. Awa goma sha shida a tsaye. Ya iso gida takwas, sha biyu ya fita.

Lahadi ya yi, Litinin ya yi. Ranar Talata na ƙi tashinsa, shi ya farka da kansa. Na ɓoye takalminsa a cikin buhun gawayi. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Ba inda za ka. Dubi idonka, ko ni ba ka gani sosai.” Ya ce, “Yau ce ta ƙarshe, jibi yana hanya.” Na ce a kori Hadin mana, shi kaɗai ne mai iyali? Ya dube ni ya ce, “Ranar da aka binne Baffa, wa ya tsaya min? Halas, magana ta ƙare, ya Sauda.” Ya zura silifas ɗin banɗaki ya raɓa ta gefena ya wuce. Na bi shi da magana marar daɗi har bakin titi. Ba zan rubuta abin da na ce ba.

Da la'asar abin ya faru. Waɗanda suke kusa sun ce gyaɗa ce ta toshe, sandar tana jingine a gefensa, bai ɗauka ba, hannu ya sa. Shekara tara yana aikin nan bai taɓa sa hannu ba. Shi ya ce bai tuna komai ba, sai ihun mutane.

Da na isa asibiti na faɗi sunansa, aka duba aka ce ba a kawo mai wannan suna ba. Na yi ta zagaye kamar mahaukaciya har na hango heluma a baranda. Ya kai ni gadon. A jikin allon gadon sunan Hadi ne.

Heluma ya ja ni gefe ya yi min bayani a hankali, kamar mai yi min alheri. Ya ce, “Ya hajja, a daftari mijinki ya fita ƙarfe shida na safe, yana gida yana cin hutunsa na doka. Wanda yake bakin inji da la'asar Hadi ne. In kin yarda Hadi ne a gadon nan, ma'aikata za ta ɗauki magani da komai. In kin ce Muhajir ne, to mutum ne da ya shigo da lambar wani ba izini. Ba magani, ba diyya, shi da mai lambar duka kora, wataƙila har kotu. Kin kuma ga Idirisu.” Na ce ai da saninka ya shiga. Ya ce, “A ina aka rubuta?”

Na bar sunan Hadi a allon, Yaya. Jini ake ƙara masa a lokacin, me zan ce?

Jiya Hadi ya dawo. Ya durƙusa a gaban gadon yana kuka kamar yaro, Baban Nabila ne ma yake ba shi haƙuri. Ka ga yadda abin ya juya. A takarda Hadi ba shi da hannu, ba zai koma aiki da hannu biyu ba. A takarda kuma Muhajir lafiyarsa ƙalau, ga shi ya yi fashin kwana biyu, saura ɗaya a kore shi. Nan a kan gadon suka yanke shawara. Hadi ya rataya lambar Baban Nabila, ya tafi ya kama dutin daren jiya da sunansa.

Ciwon yana wari tun safe, jikinsa kuma da zafi. Likita ya ce za su duba gobe. Ku yi mana addu'a. In akwai wata dabara a dokar taku, ka faɗa min, ni kaina ya ƙulle.

Sauda

*

Gwale, Kano
20 ga Agusta, 1995

Sauda,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekaranjiya takardarki ta iso, wata guda da kwana huɗu a hanya. Yaya jikin Muhajir? Zazzaɓin ya sauka? Ki riƙe masa hannun da ya rage ki ce Yayansa yana gaishe shi, yana kuma neman gafararsa. Na gaya wa Inna rabi, ta kwana tana kuka.

Na ɗauko takardarki ta watan Yuni na sake karantawa a zaune. Komai kin faɗa. Kin ce in rubuto masa da kaina, ban yi ba. Na ga layin da ya yi min daɗi na tsaya a kansa, na tafi ina karɓar tafi. In takardata ta tara ga Yuli ta iso, don Allah ki yaga ta, kada ya gani. Kunya ta ishe ni.

Amma kada ku yarda da abin da heluman nan ya shirya. Tarko ne. Yau suna ba da magani, gobe za su ce Hadi ya warke su sallame shi da ɗan abin da ba zai kai ko'ina ba, Muhajir kuma ya tashi ba hannu, ba aiki, ba ko shaidar cewa ya taɓa jin ciwo. Ma'aikata ce ta bar mutum ya yi awa goma sha shida kwana uku a gaban heluma, ita ce ta karya ƙa'idar hutu, ba shi ba. Na kwana biyu ina rubuta takardar koke da Larabci, ga ta nan a ciki. Muhajir ya dangwala yatsa, ke ki sa hannu, Hadi da mutum biyu su yi shaida. Na san Hadi zai iya rasa aikinsa, na san abin da ya sami Baba Idirisu, ban manta ba. Amma in aka yi shiru, wani zai sake rataya lambar wani.

Ina neman izinin aiki da kuɗin jirgi. Ki ba ni amsa ta hannun duk wanda ya fara tasowa.

Yayanki,
Abdulrauf

*

Umbadda
30 ga Satumba, 1995

Yaya Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Muna nan. Yara lafiya. Takardunka biyu rana ɗaya Hajiya Mairama ta kawo su, mai tafi da mai kuka. Daga gaisuwar da ka aiko masa na gane saƙon bakin da na ba wani direba mai zuwa Chadi bai same ku ba.

Baban Nabila ya rasu ranar ashirin da tara ga Yuli, da hantsi. Ciwon ya ruɓe, suka sake yankewa daga kafaɗa, bai tsaya ba. Kwana goma sha takwas ya yi. Ka gaya wa Inna gaba ɗaya yanzu, ka zaunar da ita tukuna.

Ban yaga takardarka ba. Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba, na yi kwana biyu ko sunanka ba na son ji. Daga baya na ga ni na tambaya, kai ka amsa, kuma hutun da ka ce haƙƙinsa ne, haƙƙinsa ne ɗin. Asabar bakwai ya karya da 'ya'yansa saboda kai. Na fi jin haushinsa shi, Allah ya jiƙansa, kuma ba ni da inda zan kai wannan haushin.

Takardar rasuwa da sunan Hadi ta fito, tunda da shi aka kwantar da shi. Da ita aka ba da gawa. A unguwa kowa ya san wanda aka sallata, liman sunansa na gaskiya ya faɗa. Hadi ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, takardar mutuwar kansa tana cikin aljihunsa. Matarsa Awadiyya aka kira ma'aikata ta karɓi ta'aziyya da ɗan abin da suka bayar, a matsayin wadda mijinta ya mutu. Daga can gidan nan ta zo ta ajiye min a kan tabarma, ta kasa haɗa ido da ni. Albashin da Hadi yake karɓa da sunan Baban Nabila biyu ake raba shi, gidansu mai baki bakwai da namu.

Na kira Hadi na ba shi takardar kokenka ta bayan labule. Ya karanta har ƙarshe. Ya ce, “Duk gaskiya ce. In kin sa hannu zan yi shaida, ko me za su yi min. Ke ce mai magana.” Na san da gaske yake. Na kwana uku da takardar a ƙarƙashin filo.

Ba zan sa hannu ba, Yaya. Kwana biyu kafin Baban Nabila ya cika, lokacin da hankalinsa ya ɗan dawo, na nemi gafarar abin da na faɗa masa a bakin titi. Ya ce bai ma ji ba, barci yake ji. Sannan ya ce, “Kada ki bari a kori Hadi.” Bai bar min wata wasiyya ba sai wannan. In na kai koke, Hadi ya tafi, albashin ya tafi, gida biyu sun zauna, kuma ba na jin akwai wanda zai buɗe daftari ya ga wani abu ban da abin da akawu ya rubuta. Ka ce wani zai sake rataya lambar wani. An riga an yi, makon jiya aka yi wa wani rasuwa a Sinnar. Na sani, kuma na yi shiru. Ka kira ni matsoraciya in ka so, ni ma haka nake kiran kaina.

Kada ka ɓata kuɗin jirgi yanzu. Ka tara su, in na fita ka zo ka kwashe mu, ina son Inna ta ga yaran. Ku yi masa sadaka a gida, a tara mutane a faɗi sunansa da na mahaifinsa da ƙarfi.

Yau Asabar, inji a kashe yake ana wanki. A daftarin ƙofa Muhajir ya tashi ƙarfe shida na safe, yana gida yana hutawa, gobe zai kama na safe. Ni kuma saura min wata biyu da 'yan kwanaki in fita takabarsa.

Ƙanwarka,
Sauda